Ruwan Bunu da Ƙwaryar Kumbo

Na san abin da kuke faɗa a bayana, ku da ƴaƴanku. Wai shayin Inna ruwan bunu ne, ko ranar Sallah ba a ganin farin madara a kofinta, wai rowar ƴan Tasawa ce. Ina jin ku sarai, kunnen ya tsufa ne bai mutu ba. Shekara da shekaru na bar ku kuna dariya, don wanda bai ga farkon abu ba ba a jin haushinsa. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, tsararrakina sun kusa ƙarewa, kuma wannan bokon da na koya da furfurata a ajin yaƙi da jahilci ban ga amfanin da zai yi mini ba da ya wuce in gyara maganar nan da kaina, tun kafin wani ya gyara ta yadda ya ga dama.

Shayin dai gadonsa na yi. Babana yana da tebur a tashar Tasawa, inda direbobi ke tsayawa. Nasu mai kauri yake haɗa musu, ya labta madarar gwangwani da sukari har cokali ya kusa tsayawa, tunda haka suke so. In ya dawo gida kuwa sai ya ce in ɗora masa nasa, ya zauna yana kallon hannuna. Busasshiyar citta guda, a dandaƙa ta da dutse, ba a daka ta ta yi gari, don gari yana gurɓata ruwa. Kanumfari uku. Kimba ɗaya, a fasa a zubar da ƴaƴan, a cikinsu ɗacin yake. A zuba su a ruwa tun yana da sanyi, su tafasa tare har wanda ke zaure ya ji ƙamshi. Sannan a sauke buta daga wuta, a jefa ganyen shayi abin da yatsu uku suka ɗauka, a rufe, a ba shi gwargwadon yin alwala, a tace. In ka leƙa kofi ba ka ga gindinsa ba, ka ɓata. Ranar da na manta na bar ganyen a kan wuta, bai yi faɗa ba, turo mini kofin ya yi ya ce in shanye.

"Ba a dahwa ganye, jiƙa shi aka yi," in ji shi. "Madara ko, ruhin asirin wanda bai iya shayi ba ce."

Da aka kai ni gidan babanku, a wani ƙauye kusa da Gidan Amumune, butar shayi na cikin kayan ɗakina. Matan garin suka yi ta zuwa kallo, wai amarya ta zo da butar da ba ta alwala ba. A nan na haɗu da Kumbo, Bafillatana, doguwa, ba ta da yawan magana. Rugarsu na sauka a gonar gidanmu duk bayan girbi tun zamanin kakanni, shanu su ci kara su bar taki. Muka ƙulla ƙawance irin na da, wanda ake kai goro iyaye su shaida. Duk ranar kasuwa, kafin ta shiga tallan nono sai ta biyo ta ɗakina. A cikin babbar ƙwaryarta akwai ɗan gora na madarar da aka tatsa da safen nan, wannan ba na sayarwa ba ne, nawa ne. Ni in ɗora shayi, ita ta tsiyaya madara da hannunta, mu sha. In za ta tafi in zuba mata gero a ƙwarya. Ban taɓa aunawa ba, ita ma ba ta taɓa dubawa ba. Ka'idar guda ce, kuma kowace mace a ƙasar nan ta san ta: ƙwarya ba ta zuwa wofi, ba ta komawa wofi. A kan madarar Kumbo na saɓa wa babana, ban kuma ji kunya ba, don mai daɗi ce. Tana kirana Kaɗo, ina kiranta ƴar Fillo, haka muka yi shekara tara.

Sai ga shekarar da damina ta yaudare mu. An yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Abin da ya tsira bai kai gwiwa ba ya fidda kai kamar yatsa. Lokacin soja ke mulki, an kuma rufe iyaka, babanku ya tsallaka ci-rani ta barauniyar hanya, wata huɗu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Rumbun gandu, wato na gidan duka, wansa Baba Nomau ya liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Haka ake yi ko a shekarar ƙoshi. Da rani kowace mace daga rumbun gamanarta take ci da ƴaƴanta, abin da ta noma a ƴar gonarta da hannunta. Ni Allah ya sa ina da ragowar bara, don ban iya kyautar banza ba, ku ce rowa in kun so. Gwamnati kuma ta fara rabon taimako. Sojoji ne ke tsayawa a kai, ana kiran suna daga takardar mai gari, ba mai tari balle gardama. A ba ka jar dawa, wani lokaci da madarar gari a leda. Fulanin daji ba sa cikin takardar kowane mai gari, su sai sun tafi Mayahi sun bi layi.

Shanun su Kumbo suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Gerona bai daina shiga ƙwaryarta ba, amma goran madara ya yi ta raguwa, daga nan sai ta yi kasuwa uku ban gan ta ba. Ranar da ta zo, na hango ta tun daga bakin danga, ta rame har awarwaronta ya haura gwiwar hannu. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, yau dai ba zan bari ta ji nauyin rashin madara ba. Kafin ta gama gaisawa da kakarku Iya a tsakar gida, na dama madarar gari na juye a shayi, ya yi fari tas. Tana shigowa ta ajiye ƙwarya, faifai a rufe, na miƙa mata kofi ina ta fara'a. Ta duba. Ta kai hanci.

"Kaɗo, wagga wace saniya ce?"

"Ta gwamnati," na ce, ina dariya. "Sha abinki, ƙawa. Yanzu ba sai an jira saniya ba."

Ta riƙe kofin jim kaɗan, sannan ta ajiye shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ta ce rana ta yi, kasuwa za ta watse. Ta ɗauki ƙwaryarta yadda ta zo da ita. Na bi ta da gero a zane har ƙofar gida, ta ce sai ta dawo. Ban gane komai ba, har haushi na ji. Ina juyowa na tarar da Iya tsaye, ta dafa turmi.

"Ke ƴar Tasawa, kin san abin da kinka yi?"

"Iya, mi niy yi? Karramawa ce."

"Kin ga haɓar zanenta? Goran na nan ƙunshe. Saniya guda tar rage musu, ita tat tatsa, ta hana ɗiyarta, ta tako tun asuba don ta kawo miki. Ke ko kin ce mata ba a bukata. Da marinta kinka yi da ya hi sauƙi."

Garin neman gira na rasa ido. Ni da nake ganin na fi matan ƙauye wayo, ban san cewa madarar nan ita ce ƙafar da Kumbo ke shiga gidana da ita ba. Muddin tana kawowa, gerona musaya ne tsakanin ƙawaye. Ranar da na nuna mata ba na bukata, ya zama sadaka, ita kuwa gara ta mutu da ta karɓi sadaka a hannun wadda suka yi shekara tara suna zama tabarma ɗaya. Na yi kuka ranar, na haushin kaina.

Wata biyu ba labari. Daga baya wani mai sayen fatu ya ce ya ga Kumbo a Mayahi. Saniyar ta mutu, mijin ya bi ƴan'uwansa kudu ko za a tsira da wani abu, ita tana bakin gulbi ƙarƙashin goruba da ƴarta Dado, mai shekara huɗu. Ya ce sauran mata na bin layin rabo, ita ta ƙi, sai kwasar ƙwallon goruba take tana dakawa. Ya ce in ana son ganin yarinyar da rai a yi hanzari.

Na shiga rumbuna na ƙirga dammunan da suka rage, na sake ƙirgawa ko za su ƙaru. Mu huɗu ne a kansa: ni, da yayarku, da Sani, da Habu yana goye. In na ƙara baki biyu ba za mu ga ruwan shuka ba. In na rage ɗaya, aka ƙara ruwa a kunu, aka haɗa da tafasa da jar dawar gwamnati, za mu kai da ƙyar. Sani bai isa rabuwa da ni ba, Habu na nono. Saura yayarku, ƴar farina, mai shekara bakwai, wadda har yau bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Alƙalami ba ya kunya, bari in rubuta: Rabi. Iyayena a Tasawa suna bakin titi, teburin babana bai mutu ba, tukunyarsu na hawa wuta kullum. Na yanke shawara in aika ta can. Da na faɗa, Baba Nomau ya tashi tsaye.

"Ɗiyar ƙanena za ki hidda daga gidan ubanta, don ki kawo muna Hillani? Shi ba ya nan, wa yab ba ki izini?"

"Yaya, ban taɓa gandu ba. Gamanata ce."

"Gamana taki ce, ɗiya ba taki ba ce!"

Gaskiyarsa ce, kuma da a nan maganar ta tsaya. Iya ce ta raba mu. Tana zaune tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai ba.

"Nomau, takin da kac ci hatsinsa har kag girma, na shanun uban mijin Kumbo ne. Ɗiyar hwari ko, dama ta kakanni ce. Bar ta ta tahi."

Ranar kasuwar Mayahi muka hau kamyo, babbar motar kaya, Habu a baya, Rabi a gefena, buta da kayan shayi da ɗan gero a ƙunshi. A tasha na sami wata mai goro maƙwabciyar iyayena, na damƙa mata ita. Rabi, ke nake wa wannan maganar. Kin sha faɗa wa ƙannenki cewa na ba da ke ko waiwaye ban yi ba. Haka ne, ban waiwaya ba. Tasha cike take da mutanen garinmu, uwa kuma ba ta rungumar ƴar fari a gaban jama'a, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata kuka. Kina ta kallona ta tagar mota kina jiran in ce wani abu, ni kuwa na tsaya ina gyara goyon da ba abin da ya same shi. Na ɗauka wata shida ne. Kafin wadata ta dawo an sa ki lakwal, makarantar boko, kin saba, uwata ta riƙe ki gam, kina ce mata Inna kina ce mini Yaya. Ba ki sake kwana ɗakina a matsayin ƴar gida ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma na biya shi tun kafin in san ko Kumbo za ta yarda ta biyo ni. Ban yi nadamar shawarar ba. Shirun da na yi a tasha, shi nake nadama har gobe.

Da hantsi na gangara gulbi. Mutane birjik a ƙarƙashin itatuwa, kowa da ƴar tabarmarsa da tukwanen da ba wuta. Na same ta can gefe, ta ware kanta. Dado na kwance a kan zane, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. Ƙwaryar na kife a kan reshe, an wanke ta fes kamar gobe za a yi tatsa. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Na tambayi gida ta ce lafiya, na tambayi shanu ta ce lafiya. Ban ba ta haƙuri ba, don ba da haƙuri tone ciwon ne. Ban kuma kwance ƙunshin gero ba, na san ina kwancewa zancen ya ƙare. Na ce na zo kasuwa ne kaina ke ciwo, tun safe ban sha shayi ba, ta ba ni aron inuwa.

Na jera duwatsu uku, na tsinci busasshiyar kaba na hura wuta. Na zuba ruwan da na ɗebo a rijiyar gari, na dandaƙa citta, na fasa kimba na zubar da ƴaƴan. Tana kallona ta wutsiyar ido. Sai na shiga lalube a ƙunshi ina tsaki. Kanumfarin nan uku suna ƙulle a haɓar zanena, Allah ya yafe mini.

"Kash, na manto kanumhwari. Ga shi ba madara, citta da kimba kaɗai sai su yi ta yaji babu ƙamshi. Babana in ya rasa kanumhwari nobe yaka sawa. Ni ko ƴar birni ce, ko an aza min shi bisa hanci ban iya bambanta shi da sauran haki."

Wannan ƙarshen ba ƙarya ba ne. Nobe ciyawa ce mai ƙamshi da ke fitowa a fako, dabba ba ta cika cin ta ba, shi ya sa ko a shekarar da ƙasa ta zama kamar tafin hannu akan sami kututturenta. Ruwan ya fara kuka, Kumbo ta dube ni.

"Kaɗo dai ba ta san komi ba," ta ce.

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa itace. Na zuba ido in ga abin da hannunta zai ɗauka. Ta kai hannu ta sauko da ƙwaryar, ta aza a ka, ta rufa faifai, ta haura gangaren gulbi tana tafiyar nan tasu, kai a miƙe. Na janye itace don kada ruwan ya ƙone, na ɗauki Dado na aza a cinya, ba ta kai nauyin Habu ba. Na jiƙa mazarƙwaila a ruwan ɗumi ina ɗiga mata a baki. In Kumbo ta dawo hannu wofi ban da wata dabara.

Ta daɗe. Da ta dawo ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a gabana, ta ɗage faifai da hannunta, yadda take yi a ɗakina. Nobe ne, busasshe, ta karkaɗe ƙasar ta ɗaure shi ƙulli biyu. Na tsinki kaɗan na jefa a buta, na mai da wuta. Da ƙamshin ya tashi har matan da ke nesa suka waiwayo. Na sauke, na jefa ganye, na rufe, na ba shi lokacinsa, na tace a kofi biyu, na narka ragowar mazarƙwaila. Ya fito garau, ana ganin gindin kofi. Na miƙa mata. Ta karɓa, ta juya gefe, ta kurɓa. Sai a lokacin na kwashe noben daga ƙwarya na ƙulle a zanena, na kwance ƙunshi na juye gero a ciki, ban auna ba. Ita ma ba ta duba ba.

"Ƙawa," na ce, "gidana an bar shayi da madara, sai ranar da saniyarki ta haihu. Kullum nobe nika so, kuma ni ban iya zuwa Mayahi kowace kasuwa. Akwai hwako bayan garinmu, ga ɗakin babansu ba kowa."

Kumbo ba ta sake mallakar saniya ba har ta koma ga Allah, sauran ku ƙarasa da kanku. Amma a ranar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Bafillatana ce, ta san abin da rumbun mace ɗaya ke ɗauka. Ta dubi Habu a bayana, ta dubi hanyar da na biyo.

"Sani na wurin Iya?"

"Yana can."

"Rabi hwa?"

"Tana hanyar Tasawa. Ɗazu na aza ta mota."

Ta ajiye kofin. Ta daɗe tana kallona, ni kuma na kasa haɗa ido da ita, sai tonon toka nake da tsinke.

"Da kin tambaye ni, da na hana ki."

"Shi yas sa ban tambaye ki ba."

Ta sunkuya ta ɗauki Dado daga cinyata ta goya ta, ta ɗaure zane tamau, ta naɗe tabarma. Shekara tara muna tare, ko ruwan sha matar nan ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni ba. Ta ɗauki kofin ta miƙo mini.

"Ƙara min, Kaɗo," ta ce. "Tahiyar da nisa."